Na je na ji makaɗan simfoni na Gana, da kunnen mai haya da sifika

Fiye da shekara ashirin ke nan ina sana'ar haya da sifika a unguwar Nima. Biki, suna, walimar sauka, maulidi, wa'azin dare, duk inda ake son murya ta kai ƙarshen layi ni ake nema. Saboda haka kunnena ya ginu a kan ƙa'ida ɗaya: in gilashin tagar maƙwabta bai fara rawa ba, ba a fara kiɗa ba. Da wannan kunnen 'yata ta biyu, wadda ke karatu a jami'ar Legon, ta ja ni zuwa Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a nan Ankara (tamu ta Gana, ba ta Turkiyya ba) don mu ji ƙungiyar makaɗan simfoni ta ƙasa. Ita ta sayi tikitin, ta ajiye min a kan teburin gyara tsakanin wayoyi da dalma, ta ce, "Baba, kai kullum a hayaniya kake, zo ka ji wani abu daban ko sau ɗaya." Maƙwabcina Alhaji da ya ji inda za ni sai da ya yi dariya har hularsa ta karkace. Wai kiɗan jana'izar Turawa zan je in biya kuɗi in saurara. Ni ma a raina abin da nake zato ke nan, amma ba a mayar da kyautar 'ya.

Daga Nima zuwa can ba nisa, ka bi ta Kanda ka fito Ridge ka gangara, amma cunkoson yamma ya sa tafiyar ta ninka. Ginin kuwa na sha wuce shi a mota ban taɓa shiga ba. Mutanen Sin ne suka gina shi, aka buɗe a ƙarshen 1992, zamanin Rawlings. Wasu na cewa ya yi kama da jirgin ruwa, wasu su ce tsuntsun teku ne ya buɗe fukafukai. Ni dai jirgin nake gani. Babban zauren na ɗaukar mutum kusan 1,500, kuma ƙungiyoyi uku ne ke zaune a gidan: ta raye-raye, ta wasan kwaikwayo, sai wannan ta makaɗa. Na yi sallar magariba kafin mu shiga, na kashe ƙarar waya kamar yadda aka umarce ni sau uku a hanya, muka sami kujerunmu a tsakiya.

Abin da ya fara kama ni ma ba kiɗan ba ne, shirin kiɗan ne. Makaɗan suka fito ɗai-ɗai suka zauna a da'ira rabi, kowa da takarda a gabansa, kowa na gwada nasa, zauren ya cika da wata hayaniya kamar kasuwar tsuntsaye. Sai wani mai goge na Turawa, wanda suke kira biyolin, ya miƙe daga kujerar farko ta hagu. Nan take aka yi tsit. Daga tsakiya wani ya busa wani siririn baƙin bututu, sauti ɗaya tak, dogo, mai ɗan hanci-hanci. Ina ji na ce, wannan ai ɗan'uwan algaita ne. 'Yata ta raɗa min cewa obo sunansa, kuma shi ma da bakin kara biyu ake busa shi kamar algaitar. Sautin da ya bayar shi ne ma'auni, kowa ya murɗa kunnen kayansa har ya daidaita da shi. Mu masu sifika mun san wannan sautin, girgiza 440 ne a daƙiƙa, da irinsa ake gwada layi. Ban taɓa tunanin zan ga mutane da yawa haka sun sunkuyar da kai ga sauti ɗaya ba. A wajen biki in ka ce wa mai ganga ya rage hannu don a ji mawaƙi, ka ja wa kanka faɗa.

Masu goge su ne mafi yawa, suna gaba. Ƙananan a hagu, sai manya da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, selo ke nan, sai wani ƙato da ya kusa tsawon mutum, wanda muryarsa ke shiga ta ƙirji kafin kunne. Bayansu masu sarewa da obo, bayan waɗannan masu ƙahonin tagulla, can ƙarshe masu ganguna, har da wasu manyan tukwane masu fata da suka tuna min da tambarin sarki. Madugun ya fito da 'yar sanda siririya, ya juya mana baya. Da farko na ɗauke shi kamar ɗan sanda mai ba da hannu a mararraba, wanda motoci za su wuce ko yana nan ko ba ya nan. Daga baya na gane hannunsa na hagu shi ne maɓallin ƙara da ragewa, aikin da nake yi da yatsa a kan na'ura shi da tafin hannu yake yinsa.

Da taken ƙasa aka buɗe, muka miƙe. Na ji taken nan ya fi sau dubu, a rediyo, a filin ƙwallo, a sifikokina ranar bikin 'yancin kai, 6 ga Maris. Amma a nan gidansa ne, domin wanda ya tsara amonsa shi ne ya fara jagorantar wannan ƙungiya. Philip Gbeho, mutumin wajen Keta ne a ƙasar Ewe, an haife shi a 1904. Ya koyar da kiɗa a makarantar Achimota, ya je Landan ya yi karatu a kwalejin kiɗa ta Trinity, ya dawo. Da aka sami 'yanci a 1957 amonsa aka ɗauka ya zama taken ƙasa. Bayan sojoji sun kifar da Nkrumah a 1966 an sauya baitocin, amma amon bai motsa ba har yau. A 1959 ne Nkrumah ya sa aka kafa ƙungiyar, Gbeho ya riƙe ta, ya rasu a 1976. Ɗansa Victor Gbeho shi ne wanda ya yi ministan harkokin waje, daga baya ya shugabanci hukumar ECOWAS. Wannan sunan na san shi a labarai tun tuni, ban san daga gidan kiɗa ya fito ba.

Ina tsaye ina tunanin abin da ya sa Nkrumah, mutumin da ya yi rantsuwar kama mulki cikin kente, ya tsaya a Polo Ground cikin batakari irin ta arewa ya shelanta 'yanci, zai kafa ƙungiyar da kayan kiɗanta duk na Turai ne. A nawa fahimtar, tunanin lokacin ne: ƙasa mai cin gashin kanta tana da jirgin samanta, jirgin ruwanta, madatsar ruwanta, to dole ta kasance da makaɗanta, don kada baƙo ya zo ya ce akwai abin da Bature ke iyawa wanda baƙar fata ba ya iyawa. Kamfanin jiragen saman da na ruwan duk sun mutu. Makaɗan kuwa ga su nan zaune a gabana.

Kashi na farko kiɗan Turai ne, na Mozart in ji takardar da aka raba mana. A nan na yi abin kunya. Sun yi wani sashe mai sauri, suka tsaya cak, ni kuwa na saki tafi irin na Zango, da ƙarfi, hannu sama. Mu uku ne ko huɗu a duk zauren. 'Yata ta kama hannun rigata ta ce, "Baba, ba a gama ba." Ashe simfoni ɗaya yakan zo da sassa, galibi huɗu, kuma shirun da ke tsakaninsu ma cikin kiɗan yake, sai an kai ƙarshe ake tafi. Madugun bai ko waiwayo ba, ya ɗaga sanda suka shiga sashe na biyu.

Wannan sashe na biyu shi ya karya min ƙa'idata. A hankali ya fara, ƙasa-ƙasa, har na sami kaina na daina numfashi don kada in rasa shi. Mutum fiye da goma na jan baka a lokaci guda, amma abin da ke fitowa bai fi raɗa ba, kuma raɗar ta iso kujerata ba ta zube a hanya ba. Kunnena ya san sautin da ya bi ta waya da wanda ya fito kai tsaye daga katako, na biyun yana da wani ɗumi da ba a sayar da na'urar da ke ba da shi. A sana'ata ina da hanya ɗari ta ƙara sauti, amma ban taɓa zama na koyi yadda ake rage shi ya kuma ci gaba da cika wuri ba. Sai dai ba zan yi muku ƙarya ba, kafin a kai ƙarshen sashe na uku hankalina ya tafi kan janareton da zan kai gyara da safe. Kiɗan Mozart yana da tsabta kamar ɗakin amarya, komai a wurinsa, amma ba ni da inda zan kama shi. Ba kalangu, ba waƙa, ba wanda ake yaba wa. Laifin kunnena ne ko na Mozart, wannan na bar wa masana.

Da aka tafi hutu na matsa gaba kusa da dandamali, domin akwai abin da nake son gani da idona. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da aboki mai goge da ke zuwa gidanmu a Sabon Zango, kuma ina yaro na sha zama ina kallon yadda yake shirya shi: rabin ƙwarya an rufe da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta izgar doki, baka shi ma na izga, sai ɗan dunƙulen ƙaro da yake gogawa kafin ya fara. Ai kuwa sai ga wata daga cikin masu biyolin ta ciro wani abu kamar alewa mai ruwan zuma daga ƙyalle, tana shafa wa bakanta daga tushe zuwa kai, wata 'yar farar ƙura na tashi. Na yi mata sallama da Turancina na kasuwa na tambaye ta. Ta miƙo min na shinshina. Ƙaro ne, na itacen Turai, kuma zaren bakan izgar doki ne. Na ce mata namu tsirkiya ɗaya gare shi, ta ce ta sani, gonje, irin na Dagomba. Nata huɗu ne, na ƙarfe, kuma a ƙarƙashin haɓa take maƙale shi, har wurin ya yi mata ɗan tabo a wuya. Yatsunta na hagu duk kanta a bakinsu. Wannan kantar na san irinta, ita ce a hannun duk wanda ya ci abinci da tsirkiya.

Kashi na biyu shi ne dalilin da zan ce wa kowa ya je. Suka ajiye Turai suka dawo gida. Da suka ɗauki amon Yɛn Ara Asaase Ni na Ephraim Amu, zauren ya sauya. Wata tsohuwa a layin gabana ta fara bin baitocin a hankali da yaren Twi, kafin ka ce kwabo rabin mutane na yi. Waƙar tun 1929 take, ma'anarta ƙasar nan tamu ce, kuma da yawa a Gana na ɗaukar ta kamar take na biyu. Amu shi ne dattijon da hotonsa ke kan tsohuwar takardar sidi 20,000, kafin a yanke sifili huɗu a 2007. Malami ne a kwalejin mishan ta Akropong, ya hau mumbarin coci da zanen gargajiya maimakon kwat, yana kuma koya wa ɗalibai ganguna, abin da ya kai shi ga rasa aikinsa a farkon shekarun 1930. Shi ne kuma ya gyara sarewar gora ta mutanen Kwahu, atenteben, ya mai da ita abin da ake rubuta wa kiɗa a takarda, ake koyarwa a makarantu. Jin amon mutumin da aka sallama saboda ya ƙi kwat yana fitowa daga gogen Turawa ya sa na yi murmushi ni kaɗai a cikin duhu.

Wannan ce ta kai ni ga gardamar da ta daɗe a kan ƙungiyar, wadda 'yata ta yi ta ba ni labarinta a mota. A tsakiyar shekarun 1980 an ba Nana Danso Abiam jagorancinta. Shi gwanin atenteben ne, kuma ra'ayinsa a fili yake: ƙungiyar ƙasar Afirka da kayan Afirka ya kamata ta yi kiɗa. Ya so a ajiye biyolin a ɗauki gonje, a ajiye sarewar ƙarfe a ɗauki ta gora. Abin bai yiwu ba, ya bari, ya kafa tasa a 1988, Pan African Orchestra, da gonje da atenteben da kora da gyil, wato balafon mutanen arewa maso yamma. Sun fitar da faifai a 1995 a kamfanin Real World na Peter Gabriel, duniya ta ji su. Ya rasu a haɗarin mota a Disambar 2014.

Kafin in shiga zauren, da an tambaye ni, bayan Abiam zan tsaya ba tare da tunani ba. Me ya kai mu ga kayan wasu, muna da namu? Yanzu kuwa raina ya rabu. Har yanzu ina ganin yana da gaskiya a wuri ɗaya: akwai lanƙwasar murya da gonje ke yi, irin wadda ke kwaikwayon magana, da biyolin goma ba za su ba ka ita ba muddin suna bin takarda tare. Amma matar da na gaisa da ita ba Baturiya ba ce, kuma kantar yatsunta ba aro ta yi ba. Ƙaho da jita da E.T. Mensah ya yi kiɗan rawar nan na hailaif da su ai su ma daga jirgin ruwa aka sauke su, kuma ba wanda ke cewa hailaif ba na Gana ba ne. Shi kansa Mensah yana yaro a wata ƙungiyar makaɗa ta Ankara ya fara, ta Teacher Lamptey. Mu ma a Zango, keken ɗinki da shayi da Vespa duk baƙi ne, yau wa zai ce ba namu ba ne?

Kuma da hailaif ɗin suka rufe. Gangunan gida suka shigo, ƙararrawar ƙarfe ta riƙe lokaci, masu ƙaho suka saki jiki, mai ƙaton gogen nan ya ajiye baka yana fizgar tsirkiya da yatsa. Dokar kada a yi tafi a tsakiya ta tashi aiki. Wasu mata suka miƙe da farin hankici, madugun ya juyo yana ba mu hannu mu ma. A nan ne na ga bambanci a fuskokin makaɗan. A kashin farko idonsu na kan takarda, a wannan kuwa suna kallon juna suna dariya, kafaɗa na motsi. A nawa kunnen nan ne ƙarfinsu yake, kuma wannan ne abin da ba za ka samu a wata ƙasa ba. Mozart kam ana yinsa a ko'ina.

Su waye makaɗan? Ma'aikata ne kamar kowa, ƙarƙashin gwamnati, maza da mata, matasa da masu furfura. Jagorancin ma ya bi hannaye da dama bayan Gbeho, har da mace, Dinah Reindorf, da mai tsara kiɗa Kenn Kafui, da Isaac Annoh a shekarun baya-bayan nan. Abin da na yi ta tunani shi ne wahalar riƙe irin waɗannan kayan a gari kamar namu. Ni na san abin da iskar teku ke yi wa ƙarfe, na san yadda damina ke kumbura katako, hunturu ya zo ya tsage shi. Tsirkiyar biyolin da bakin karan obo ba a kasuwar Makola ake yin su ba, daga waje suke zuwa, da kuɗin waje. Duk wanda ya riƙe goge mai tsirkiya huɗu a Ankara shekara da shekaru yana fitar da sauti mai tsabta, ya cancanci a cire masa hula.

Abubuwan da suka ɓata min rai ba daga dandamali suka zo ba. Wani saurayi a gefena ya ɗaga waya tun daga farko yana ɗaukar bidiyo, haskenta a idona, har sai da na taɓa shi na ce, "Ɗana, ko ka kalla ko ka bar mu mu kalla." Wata kuma ta zo da soyayyar ayaba a leda, ta zaɓi daidai wurin raɗar nan ta buɗe. Sai mai tasin da ya dawo da mu, wanda ya ga mun fito daga babban gini ya ninka kuɗi, wai dare ya yi.

Ga wanda zai je daga Zango, shawarata kaɗan ce. Ka bar gida da wuri saboda cunkoso, ka ci abinci tukuna, ka nemi kujerar tsakiya ba ta gaba can ba, domin a gaba kayan da ke kusa da kai kaɗai za ka ji. Kada ka tafi da jariri. Yaro ɗan shekara goma kuwa ka kai shi, ko don ya ga mutum arba'in na aiki ɗaya ba wanda ke ihu. In kashin farko ya gundure ka, yi haƙuri ka jira na biyu. Kuɗin tikitin, da na matsa wa 'yata ta faɗa min, bai kai abin da nake karɓa a hayar sifika biyu na yini ɗaya ba, kuma ban ji an cuce ta ba. Fatana ɗaya, wata rana in ji sun ɗauki amon kalangu ko na gogen Zango sun shimfiɗa shi a kan waɗannan kayan, su gayyato mai algaita ya zauna kusa da mai obo. Mu ma 'yan ƙasar nan ne tun kafin a sa mata suna Gana.

A waje muna jiran mota na ga ɗaya daga cikin masu selo ya goyo akwatinsa a baya kamar mai ɗauke da yaro ƙato, yana cinikin kelewele, soyayyar ayaba mai yaji. Alhaji kuwa da safe yana ganina ya ce, "To, wa aka binne?" Na ce masa ya shirya, zuwa na gaba da shi za a yi, ni zan biya.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya ina da biki a Mamobi. Ana cikin kiɗa na sa yatsa na ja sautin ƙasa kaɗan-kaɗan, don in ji ko kalangun zai fito da kansa. Ya fito kuwa, har ana jin fatar. Ba a yi minti biyar ba sai ga abokin ango da gudu, yana cewa, "Baba, wai lafiya? Ango ya ce ko sifikar ce ta lalace."